Wasiƙar Korar da Na Yi Shekaru Ina Koyarwa da Ita

Na manta sunayen ɗalibai da dama, har da waɗanda na duba aikinsu na ƙarshe da hannuna. Amma akwai wata ranar Talata da na san har a sa ni a rami tana nan tare da ni, ita da abin da ya biyo bayanta.

Darasin kula da ma'aikata nake koyar da ɗaliban kasuwanci a wata babbar makaranta a nan Gombe: yadda ake ɗaukar mutum aiki, yadda ake horar da shi, yadda ake ladabtar da shi in ya yi laifi, da yadda ake sallamarsa in abin ya ƙi. Kafin na shiga koyarwa na yi shekara huɗu ina jami'in ma'aikata a wani kamfanin matsar man gyaɗa, kuma da wannan nake yi wa abokan aikina tinƙaho. Su a littafi suka karanta, ni kuwa na yi da hannuna. Ba na buɗe zangon karatu ban faɗa wa ɗalibai haka ba, har na ji ƙishin-ƙishin wai sun sa mini suna "Da Hannuna".

Duk shekara in mun zo babin ladabtarwa, akwai wata wasiƙar kora da nake raba musu kwafinta. Ni na rubuta ta sama da shekara ashirin da suka wuce, na shafe sunan mutumin da baƙin alƙalami, na bar sauran. Ina nuna musu yadda ta tsaru: ga laifi, ga ranar da aka ba shi takardar tuhuma da muke kira kwiri, ga wa'adin kwana biyu da bai ba da amsa ba, ga hukunci. Sannan in ɗora da labarin, don labarin ne ke sa ajin ya farka.

Labarin kuwa shi ne, wani Bafillace mai kula da injin matsa ya ɓace kwana huɗu ba izini. Da ya dawo na tambaye shi inda ya je, ya sunkuyar da kai ya ce, "Wata lalura ce ta gida, Yallaɓai." Na miƙa masa kwiri, ya karɓa da hannu biyu, ya ninke ya sa a aljihu. Washegari, maimakon amsa a rubuce, sai ga wani dattijo da sanda da rawani a bakin ofishina, wai shi bappansa ne, ya zo daga ƙauye a kan maganar yaronsu. Na ce masa nan kamfani ne, ba zauren mai unguwa ba, wanda aka ba takarda shi zai ba da amsa a takarda. Akwai wata 'yar Ibo da ke buga mana takardu a ofishin, ta ɗago daga kan tafireta ta ce, "Oga, ka ji shi mana, ko minti biyar." Na ce ta yi aikin da aka ɗauke ta. Dattijon ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa, ni kuma ina ta juya fayil kamar ban san da shi ba, har ya gaji ya juya. Kwana biyu na cika na sa hannu a wasiƙar.

A wannan Talatar ma haka na ba da shi. Har na ƙara gishiri, na ranƙwafa kamar mai dogara sanda, na kwaikwayi yadda dattijon ke jan Hausarsa. Aji ya ɗauki dariya, wani daga baya yana buga tebur yana cewa, "Malam, ka gama da shi!" Na ji daɗi sosai, ba zan ɓoye ba.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Wata ɗaliba ce da kullum take zama a layin gaba, siririya, ba ta da yawan magana, amma in ta yi tambaya sai na koma gida na buɗe littafi. Ita ce ta fi kowa maki a darasina, kuma a raina na riga na gama cewa ita zan tsaya wa a riƙe ta a sashen in ta gama. Na ga ta ƙura wa takardar ido, ta juya bayanta, ta sake juyowa. Da aka tashi ba ta tsaya yi mini tambaya kamar yadda ta saba ba. Na ɗauka ko ba ta jin daɗi ne.

Ranar Alhamis da hantsi ta yi sallama a ofishina. Na ce ta zauna, ta ce a'a, nan ma ya isa. Ta ciro wata tsohuwar takarda daga cikin leda, ta buɗe ta a hankali don duk ninkinta ya kusa rabewa, ta ajiye a gabana. Wasiƙar ce, ta asali, da sunan a fili da sa hannuna a ƙasa.

Ta ce, "Malam, babana ne."

Ta ci gaba, muryarta ba ta ko rawa.

"Kwana huɗun nan ni aka haifa. Innata ta yi kwana biyu tana naƙuda a asibiti, aka ciro ni, ita kuma ta rasu. Ya kai ta ƙauye aka binne, ya bar ni hannun goggona, ya dawo aiki."

Na ce, "To me ya hana shi faɗa mini? Na tambaye shi fa."

Ta dube ni kamar yadda nake duban ɗalibin da ya faɗi jarrabawar da aka ba shi amsarta. Ta ce, "Ni ce 'yar fari, Malam. A wajenmu mutum ba ya buɗe baki ya ce matarsa ta haihu, balle ɗan fari. Har yau bai taɓa kiran sunana ba. Shi ya sa ya aiko Bappa. Bappa ne amsar kwirin."

Ni da aka haifa a Gombe, na girma a unguwar Manawashi cikin Fulani, na san wannan kunyar sarai. Kakannina daga wajen Katsina suka zo, kuma mu ma in magana ta yi nauyi ba mai ita ke faɗa ba, babba ake turawa. Ko neman aurena ban je da bakina ba. Amma a lokacin ina ɗan shekara ashirin da bakwai, da sabon digiri da sabon nektayi, gani nake duk abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a cikin darasin nan nawa akwai shafi guda a kan haƙƙin ma'aikaci na a saurare shi kafin a yanke masa hukunci. Ni nake koyar da shi, mako ɗaya kafin na raba wasiƙar.

Ta gaya mini sauran a taƙaice. Saboda wasiƙar ta ce kora ce, ba sallama ba, duk kamfanin da ya je sai su nemi takardar inda ya baro, in sun gani su ce ya je za a neme shi. Ya yi dako a kasuwar hatsi har bayansa ya ƙi, ya koma gadin shagunan wani mai sayar da kayan gini. Bai iya karatun boko ba, don haka ya ajiye wasiƙar a akwati har ta shiga sakandare, ita ce ta fara karanta masa ita daga farko zuwa ƙarshe. Ta ce tun ranar ta ƙudurta sai ta karanci wannan fanni, don ta ga ko haka dokar ta ce a yi wa mutum. Sa hannuna kuwa wani zane ne kawai, ba suna, shi ya sa ta yi shekara uku a gabana ba ta sani ba, sai da na bugi ƙirji na ce ni na rubuta.

Ta mayar da takardar cikin leda. Ta ce, "Ban zo don a yi wani abu ba. Na zo in ce don Allah ka daina kwaikwayon Bappa."

Kwana uku ina fama da kaina. Abin da na fi so a duniya a lokacin shi ne mutumin nan ya yafe mini, don na san zalunci ne, kuma na san inda ake biyan zalunci. Kun san abin da na yi? Zama na yi na rubuta masa wasiƙar ban haƙuri, shafi ɗaya da rabi, na buga ta a kwamfuta, na sa a ambulan. Da na miƙa mata bayan lakca, ta dubi ambulan ɗin ba ta karɓa ba, ta ce, "Malam, takarda kuma?" Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Sai na je na sami baffana, ƙanen mahaifina, wanda a lokacin ya haura saba'in. Na zayyana masa komai. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ashe boko bai bar maka komai a kai ba. Tashi ka ɗauko mota."

Bayan la'asar muka isa gidansu a unguwar Barunde, wani ɗan gida na haya a ƙarshen layi. Na tarar da mutumin da na sani ƙaƙƙarfa ya zama tsoho, ya rame, yana tafiya a karkace. Ya gane ni nan take. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya ɗauko buzun sallarsa ya sa wa baffana, ya ce da 'yarsa, ba tare da ya dube ta ba, "Ke, kawo wa baƙi ruwa." Shi kuma ya zauna a ƙasa, duk yadda muka yi da shi ya hau tabarmar ya ƙi.

Baffana ne ya yi magana, ni kaina na ƙasa. Ya ce ya kawo yaro ne ya nemi gafara, ƙuruciya ce da rashin sani. Mutumin ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba.

Sannan ya ce, "Alhaji, ka wahalar da ƙafarka. Ni nawa na yafe tun tuni, wallahi. Abincina ne ya ƙare a can. Na kuma ji yana koyar da ita wannan da kyau, Allah ya saka." Na fara jin wani sanyi a ƙirjina, har na ɗago kai. Sai ya shafa ƙasa da tafin hannunsa.

"Amma na Bappa ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe shi. Tun asuba ya fito daga ƙauye ranar, da zaman makoki a gidansa ya baro. Mutum ne da in ya shiga tsakanin mutum biyu magana ta ƙare. Da ya koma, mutane suka tambaye shi yaya aka yi, ya ce bai samu ganin mai ofishin ba. Ni kaɗai ya gaya wa cewa akwai kujera biyu a ɗakin babu kowa a kai. Daga ranar bai sake zuwa roƙa wa kowa komai ba."

Na ce, "Yana ina yanzu? A kai ni wajensa."

Ya ce, "Shekararsa tara a ƙasa, Yallaɓai."

Baffana ya yi wa Bappa addu'a, muka shafa. Ruwan da aka kawo mana na nan a kwano ban iya sha ba.

Ɗalibar ta gama karatunta, kuma ita ce ta zo ta ɗaya. Amma daga wannan makon ta koma zama a tsakiyar aji, ba ta sake yi mini tambaya ba. Da na yi mata maganar tsayawa a sashen, ta gode mini da ladabi ta ce ta fi son ta shiga aikin kanta ta gani. Mahaifinta ya rasu bayan shekara biyu, na je gaisuwa, na zauna cikin mutane ba wanda ya san ni.

Har yanzu ina raba wasiƙar nan duk shekara, da izininta. Sai dai yanzu in na gama karanta musu, nakan ce su nemo mini kuskuren da ke cikinta. Su yi ta dubawa, su ce babu, kwanan wata daidai, wa'adi daidai, komai daidai. Sai in ba su labarin yadda yake, kuma ban taɓa ba da shi wani ya yi dariya ba.

Abin da na koya, kuma na biya shi da tsada, shi ne ba a cewa an saurari mutum sai an saurare shi ta hanyar da ya iya magana. Wani da takarda zai amsa, wani da bakinsa, wani kuwa bakinsa ba zai iya ɗaukar abin ba, sai ya turo babbansa. Kuma laifin da mutum ya yi yana gadara da ƙa'ida, ba lallai ne ya tarar da mai yafe masa a raye ba ranar da hankali ya zo masa. Yanzu duk wanda ya yi sallama a ofishina, ko ɗalibi ne ko masinja, ba na barin ya faɗi abin da ya kawo shi sai ya zauna. Ɗalibai na yi mini dariyar wannan ma, wai Malam da kujerarsa. Ba na ce musu komai, don wanda na so ya zauna a kanta ba zai sake zuwa ba.