Tekun Cikin Roba

Ran kasuwar Batsari, Muntaka mai kifi yana kallon wani baƙo da ya tsuguna gaban robar tarwaɗarsa. Zai kai shekara arba'in, ga garin alli a hannun riga. A ransa Muntaka ya ce, malamin makaranta ne da aka turo nan aka manta da shi.

Baƙon ya ƙulle wayarsa a farar leda, ya tsoma cikin ruwan. Hannunsa kaɗai ya jiƙe, amma yana riƙe numfashi kamar mai nutso.

"Malam, saye za ka yi?"

"A'a, Baba. Ɗaukar bidiyon kifaye a ƙarƙashin teku nake koyo. Saura tekun."

"To ka je mana."

"Ni da ko Katsina sai na tambayi lafiyar hanya?"

Baƙon ya ciro wayar, yana ta yanke gefen hoton da yatsa har bakin robar ya ɓace, sai ruwa zalla. Ya nuna wa Muntaka. Ba a ganin bango, amma tarwaɗar tana kaiwa wuri guda, ta bugi hanci, ta juyo.

Malamin ya sake kunnawa.