Yafiyar da Iya Ta Hana Babana

A Tudun Wada, a shekarun nan na hamsin, mai niyyar Makka sai ya zaga gari gida-gida yana neman yafiya, don ba kowa ke dawowa ba. Babana kwana uku ya yi yana zagaye. Har mahaucin da suka shekara goma ba sa ga-maciji sai da ya je ya ba shi hannu. Mutum ɗaya ya tsallake, Iya.

Iya tsohuwa ce a gidanmu, ita ta goya ni, daga baya ta goya 'ya'yana. An ce mana tsintarta aka yi tana yarinya a shekarar yunwa. Muka haɗiye labarin har muka yi gemu, ba wanda ya tambayi dalilin da zanen fuskarta ya bambanta da namu.

Saura kwana biyu motar Kano ta ɗauke shi, da hantsi, Iya na tsince wake a tsakar gida ta ce, "Malam, ka gama zagayen? Ni ban gan ka ba."

"Haba Iya, ai ke 'yar gida ce."

"'Yar gida? To, wa ya riƙe linzamin doki ranar da aka ɗauko ni?"

Ban taɓa ganin babana ya zauna a ƙasa gaban mace ba sai ran nan. Da bakinsa ya faɗa: yana saurayi ya bi kakanmu hari cikin duwatsun bayan Doguwa, kafin zuwan Turawa, a bakin rafi suka sure ta tana ɗiban ruwa. Ya ce ta yafe masa duniya da lahira.

"Ban yafe ba," in ji Iya. "Sai ka kai ni inda kuka ɗauko ni."

Gaskiya ɗaya ce, haushinta na ji, ba nasa ba. Na ce tsohuwar nan sai da aka ɗaure kaya za ta tono abin da ya shekara hamsin a binne? Har yau ina jin kunyar wannan haushi.

Mota ta tafi ba shi. Gari ya ɗauka, kowa da irin fassararsa. Babana ya toshe kunne, ya ce in nemo jaki. Muka ɗora Iya, mu biyu a ƙasa, muka yi kudu. Tsohon da tafiyar masallaci ke sa shi haki, shi ne a gaba yana nuna hanya. Rana ta huɗu ya tsaya gaban wani tsagaggen dutse ya ce nan ne.

Mutanen da a da suke zaune a kan dutsen sun daɗe da saukowa gindinsa. Da ganin fuskokin tsofaffinsu na san mun zo, zanen iri ɗaya ne da na Iya. Ashe abin da muka binne su ba su binne ba. Duk kaka, kafin a ci sabon hatsi, sai an kira sunayen waɗanda mahara suka kwashe. Da suka ji abin da ke tafe da mu, wata tsohuwa ta miƙe ta fara kira. A suna na biyar Iya ta amsa. Aka rufe ta ana kuka, ni ma na yi nawa.

Da aka lafa, ta juyo wajen babana. "Malam, nawa na yafe. Baɗi ka tafi Makkarka. Sauran sunayen kuma, kai da masu su."

Na zaci zai ce mu kama hanya. Sai ya gyara zama, ya roƙi tsohuwar ta sake kiran sunayen a hankali, kowanne ta faɗi kamanninsa. Cikin mutum goma sha ɗaya, ya san garin da aka kai mutum uku.