Telar da Ta Ƙi Ɗinka Zanen Ƙonawa

In ka bi ta bayan kasuwar Dogon Dutsi da hantsi, kafin ka ga Sahura Gado za ka ji kekenta. Tsohon keken ɗinki ne na ƙafa, yana ƙara kamar zai watse, bai kuma taɓa watsewa ba. Tana gama shan kununta ta jawo shi ƙarƙashin rumfa, ta soke allura a gefen kallabi, ta hau aiki. Ba ta yi wa kowa alkawarin Juma'a in ta san sai Lahadi. Shekaru da dama ita ke yi wa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garinmu tufafi, tun suna wasa a filin makaranta har suka kai ga talabijin. Duk jandarman ƙarya da mahaukacin ƙarya da kuka taɓa yi wa dariya, Sahura ce ta tufatar da shi. Ba a taɓa kiran ta gaban jama'a an tafa mata ba.

Bara aka kore ta. Saboda korar ce nake wannan rubutu, wanda zai ji haushi ya ji.

Akwai wani ɗan littafi da marigayi Mushe (wato Malam) Issa, malamin makaranta a Dumega, ya rubuta da Hausa. Sahura a ajin yaƙi da jahilci ta karanta shi, tana bin layi da yatsa. Labarin wata Zalihatu ne, baƙa, doguwa, mai kaifin baki, mai kora amalanken jaki da kanta zuwa kasuwa. Kakarta 'yar bori ce. Ita Zalihatu mai salla ce, ba ta yarda da iskokin tsohuwar ba, kullum suna musu. Amma ita ke dama mata fura, ita ta yi jinyarta har ta cika. Da aka binne ta, Zalihatu ta ninke baƙin zanen saƙin da tsohuwar ke ɗaurawa wajen wasan bori, ta sa a ƙasan akwati, ta ci gaba da sallarta. Nan littafin ya ƙare. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san gida irin wannan, in ma ba nasu ba ne.

Da aka ce za a mayar da littafin wasan talabijin, aka ɗauko wani matashi, Rashid, daga Yamai ya shirya. Nan Zalihatu ta fara canzawa. Aka zaɓi farar yarinya ta fito a matsayinta. Aka ɗauke jakin. Bakin nan mai kaifi aka rufe shi, sai kuka a kowane kashi, kamar an biya ta ladan hawaye. Sahura ta yi gunaguni, amma ta ɗinka. Aka ce leshi, ta ɗinka leshi, tana cewa ba ta taɓa ganin mai leshi a bakin rijiyar Sukukutane ba. Har zanen saƙin mahaifiyarta, wadda ita ma 'yar bori ce a Ɗan Kassari, ta ciro daga adaka ta ara musu don mai fitowa a matsayin kakar ta ɗaura.

Sai ranar ɗaukar kashi na ƙarshe. Waɗanda suke wurin sun ba ni labari, bakinsu kuma ɗaya. An tara itace a tsakiyar titi. Ashe an sake ƙarshen labarin: Zalihatu za ta jawo zanen kakarta waje, ta cinna masa wuta, jama'a na kabbara. Sahura ta taka har gaban kamera, ta zare zanen daga hannun yarinyar, ta ninke shi a hankali.

Rashid ya sassauta murya. "Inna, to, ba naki za mu ƙone ba. Ki ɗunka muna wani na banza, yanzu-yanzu, shi ke nan."

"Ban ɗunkawa," in ji ta. "Ba zanen ad damuwata ba. Zalihatu ba ta ƙone kayan kakatta ba. Ni na karanta littahin da idona."

Alhaji Abdul'aziz, ɗan kasuwar da ya ɗauki nauyin wasan, yana tsaye. Mutum ne mai son addini da gaskiyarsa, ba zaginsa nake ba. Ya ce, "Haba Inna, ke da ba ki barin salla, mi kika karewa ga kayan iskoki?"

"Ba iskoki nika karewa ba, Alhaji. Ɗiyar da tay yi jinyar kakatta hat ta cika, ita kuka son ku maishe mai tozarta ta bakin titi. In wa'azi kuka so, ku rubuta naku labari, ku sa ma ɗiyarku sunan da kunka ga dama. Wagga tana da mai ita, shina kabari, ba ya iya hwaɗa muku komi."

Ba ta ci nasara ba, kada in yi muku ƙarya. Aka aika kasuwa aka yanko wani baƙin yadi, aka ƙone, aka nuna a talabijin. Aka cire sunanta daga cikin sunayen ma'aikata. Aikin da ta tsufa a ciki ya tafi a yini guda, wasu masu kawo mata ɗinki ma suka janye, wai ta zama mai kare bori. Matar da ladan ba ya riga ta tashi! Wannan ya yi mini ciwo, har yau yana yi.

Sahura, ke ce kika tsaya wa yarinyar da ba ta da jini ba ta da tsoka, yarinyar takarda, mu kuwa masu karatu da rubutu sai muka zauna gaban talabijin muna cin gyaɗa. Kin bar musu fatarta, kin bar musu jakinta, da aka zo kan halinta kika ce a'a. Tela mai wuyar lanƙwasa, kin san abin da za a iya ragewa a riga, kin san inda in an yanka ta lalace.

Watan jiya Rashid ya dawo rumfarta. Za su ci gaba da wasan, sabon telan kuma ya kasa musu. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, ya ce a manta da abin da ya wuce, Zalihatu na bukatar sababbin kaya. Sahura ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba.

"Wacce Zalihatu?" ta ce. "Wagga da kunka bari cikin tele ban san ta ba. Ban da awonta."

Mun gode, Inna Sahura. Allah ya ƙara lafiya, ya bar miki idonki da ƙafarki. Ku kuma masu ɗinki, masu kamera, masu fitowa a wasa, za a sake ɗauko wani littafin, marubucinsa ba ya nan, a ce ku gyara masa 'yarsa. Kafin ku ce to, ku je bayan kasuwa ku ga matar da ta ce a'a. Tana nan, ba ta mutu da yunwa ba, kuma duk wanda ya zo wucewa tana iya kallon idonsa.