Masarar da na bari da yunwa

Ina koyar da aikin gona a wata sakandare a Funtua lokacin da na shiga digiri na biyu. Bincikena ba shi da wuyar faɗi. A shuka masara iri ɗaya a gona ɗaya, a raba ta yanki-yanki, wani yankin a ba shi taki sosai, wani a ba shi kaɗan, wani kuma a hana shi gaba ɗaya. Wanda aka hana ɗin shi ne ma'aunin sauran. In babu shi ba ka da abin da za ka kwatanta, babin sakamako ya mutu ke nan. Wa'adin da jami'a ta ba ni kuwa ya zo gangara, damina ɗaya ta rage mini.

Ba lalaci ne ya kai ni wannan gaɓar ba, shi ya sa abin yake ƙona mini rai har yau. Kullum in na dawo sallar asuba sai na rubuta wani abu kafin in tafi makaranta. Ina da abokiyar karatu, Kirista ce, iyayenta 'yan kudu ne masu shagon kayan gini, amma a Funtua aka haife ta, tana jin Hausa kamar jakin Kano. Mun yi alkawari duk ranar Juma'a kowa ya tura wa ɗayan abin da ya rubuta. Matar nan ba ta san uzuri ba. In la'asar ta wuce ba ta ga saƙona ba sai waya: "Malam, ina shafukan? Ko akuya ce ta cinye?" Da wannan tsiyar tata na gama babi uku.

Gonar da na yi gwajin ta gado ce, tana garinmu, a bakin titin Malumfashi. Tun rasuwar mahaifinmu yayana ke noma ta, ba mu raba ba, rumbu ɗaya muke ci. Na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla, na nuna masa turakun da na kafa da igiyar da na ja. Na ce yankin nan na bakin hanya ko ƙwayar taki ɗaya kada ta taɓa shi. Ya ce, "To, Malam, ai gonarka ce."

Ruwa ya sauka, masara ta tashi. Sauran yankuna suka yi baƙi ƙirin don kore, na bakin hanya ya tsaya a gwiwa, ganye rawaya, kara kamar tsinke. Ni in na gan shi daɗi nake ji, don abin da nake nema ke nan. Amma gonar bakin titi fuskar gida ce, kowa ya wuce sai ya karanta. Masu babur suka fara rage gudu. A majalisa aka ce 'ya'yan marigayi Alhaji sun kasa sayen taki, wani ya ƙara da cewa ga malamin gona guda a gidan. Yaya ya kawo mini maganar, na ce ya toshe kunne, kaka ta kusa.

Jarrabawar ɗalibai ta riƙe ni a makaranta, na ɗan kwana biyu ban leƙa ba. Ranar da na koma da tef ɗin awo, tun daga titi na ga abin. Yankina ya yi kore shar. Na durƙusa na tona gindin wata, ga sauran takin yuriya nan fari fat.

Yaya yana can ƙarshen gona. Ban gaishe shi ba, ni da ban taɓa wuce shi ba tare da na rusuna ba.

"Yaya, wa ya sa wa masarar nan taki?"

"Ni ne," ya ce, har da murmushi. "Ka ga yadda ta miƙe? Ɗan kaɗan fa na barbaɗa."

"Na ce maka kada a taɓa ta!"

"Haba Malam. Abu mai rai a bar shi da yunwa, mutane na zagin ubanmu a kabari? Kai kana Funtua, ni nake zama da su."

Na ce ya kashe mini shekara. Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce, "Shekarar me? Ai ka ga yadda take kafin in sa. Rubuta musu haka mana. Wa zai taso daga jami'a ya zo nan ya tona?"

Wannan maganar ta fi takin ƙona ni. Ban kuma ji ta a bakinsa kaɗai ba. A ɗakin malamai, mutane masu digiri suka ce mini in zauna in tsara lambobi masu kyau, kowa haka yake yi. Wato duk sammakon nan da na yi, a idonsu wasan yara ne.

Juma'a ta zo ban tura komai ba. Abokiyata ta kira, na zazzage mata labarin ina huci. Ta ce, "Sannu. To rubuta abin da ya faru yadda ya faru, ka turo. Shi ne aikinka na wannan makon." Na ji kamar in jefar da wayar, amma na rubuta. Shi na kai wa farfesan da ke duba aikina, na roƙi ƙarin damina. Sai da na sha zirga-zirga da baƙar magana kafin a ba ni, da sharaɗin daga ita babu ƙari.

Da damina ta zagayo ban sake gangancin ba. Na karɓi hayar wani fili a wajen Maska, nesa da titi, inda babu wanda ya san ubana balle ya ji masa kunya. Masarata ta yi rawaya son ranta, na auna, na rubuta, na gama.

Amma a garinmu ba haka aka fassara ba. Cewa aka yi malami ya bar gonar ubansa ya je haya, lallai sun ɓata da wansa, rabon gado yake so. Inna ta kira ni tana hawaye, ta ce me yayana ya yi mini da zan tona masa asiri haka. Na yi bayani har bakina ya bushe. Ta ce, "A kan taki? Mutum ya yi maka alheri?" Babu wanda ya taɓa ce wa Yaya bai kyauta ba, ko mutum ɗaya. Ni ne mai riƙo, ni ne boko ya ɓata.

Ranar da aka ɗaure kundin binciken na kai wa Yaya gida, don duk da haushin nan yayana ne. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya miƙo mini. Ya ce, "Allah ya sa albarka, Malam." Bayan kaka ya kira dattawa aka auna gonar, aka kafa iyaka a tsakiya. Ya ce tunda hannunsa ɓata mini aiki yake yi, ga rabona nan, in bar shi da yunwa in na ga dama.