Wayar Inna a Cikin Adaka

Jiya na buɗe adakar Inna a gidanmu na Baure, sai ga 'yar wayar da na saya mata, naɗe cikin kallabi.

Lokacin da na kama aiki a Fatakwal, wata biyu cur ina kiranta ba ta shiga. Har na ƙullaci 'yan gida, ina zaton su ke kashe mata.

Da na zo hutu na tambaye ta inda take ajiyewa, sai ta nuna min adakar ƙarfen nan ta aurenta.

Na ce, "Haba Inna! Ai ƙarfe in ya rufe ruf, sabis ba ya ratsa shi. Shi ya sa kirana ba ya shigowa."

Ta ce, "To ɗan nan, abin da muryarka ke fitowa ta ciki, a taga zan yasar da shi? Kullum bayan la'asar nakan zauna gefen adakar ina kasa kunne."

Daga ranar ta koma ƙulle ta a bakin zane.

Yau shekara guda da rasuwarta, kuma wata biyun nan da ƙarfe ya cinye mana har yanzu suna yi min ciwo.

Ku da iyayenku ke raye, yaushe rabon da ku ji muryarsu?