Bindigar da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Kujerar Mashin

Ni ba ɗan daba ba ne tun asali. A Kano aka haife ni, a gidan da ko wuƙar yankan albasa aka manta a tsakar gida sai mahaifiyarmu ta yi wunin faɗa. Babana tela ne. Har na bar ƙasar nan ban taɓa taka ofishin 'yan sanda ba, ko da rakiya. Ina fara muku da wannan ne, ku samari, don kada wani ya karanta labarina ya ce ai shi ba irina ba ne. Ni ma irinku ne.

Da bizar karatu na shiga Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Makarantar da ejan ya samo min ashe hawa biyu ce a saman wasu shaguna, ban cika shekara ba na daina zuwa, biza ta mutu a hannuna. Wanda ya tsince ni shi ne Malam Habibu, malamin kwaleji daga gida, wanda yake digirinsa na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak. A masallaci muka haɗu. Ya ji Hausa a bakina, ya tambaye ni inda nake kwana, ya gane ba ni da wurin kwana. A ranar ya kai ni gidansa a unguwar Sentul, ya ce wa matarsa, Anti Rabi, “Ga ƙanena, a ba shi ɗakin baya.” Shi ke nan. Bai san ubana ba, bai san uwata ba, amma tuwon gidansa na ci shekara uku.

Shi ne ma ya ba ni shawarar sana'a. Matan 'yan karatu kullum suna neman kuka da daddawa da yaji da kilishi, masu kawowa daga gida kuma ba su da mai raba musu. Na samu wani tsohon mashin, na fara kai kaya gida-gida, daga Sentul zuwa Titiwangsa zuwa Semarak. Sunana ya ɓata, kowa sai Mai Kilishi. Wallahi ina samun na kaina, kuma ina barci da daɗi.

Wata rana bayan la'asar, na fito daga wajen tafkin Titiwangsa, jakata a rataye a kafaɗa, sai wasu mutum biyu a kan mashin suka zo ta gefena. Na bayan ya fizgi jakar. Igiyar ta ƙi tsinkewa, ta ja ni na faɗi, kwalta ta kwashe min fatar kafaɗa da gwiwa. Suka tafi da waya da cinikin ranar da fasfo ɗina. Ina kwance ina kallon motoci suna kauce min.

Malam ya ce mu je mu kai rahoto. Na ce da wace bizar? Ya ce to mu nemi takardar komawa gida, in koma in gyara komai in dawo da mutuncina. Na ce masa to. Ban je ba. Kunyar komawa Kano hannu rabbana ta fi min ciwon kafaɗar.

Ciwo ya warke, tsoro bai warke ba. Duk mashin ɗin da na ji a bayana sai in waiwaya a tsorace. Ina cikin wannan hali wani bakanike da nake kai wa gyara, wanda ba zan faɗi ko ƙabilarsa ba, ya dube ni ya ce, “Kai baƙo ne, ba ka da takarda, ba ka da 'yan sanda. Wa zai tsaya maka?” Ya ce yana da wanda zai samo min abin kariya. Na san hukuncin bindiga a ƙasar, kowa ya sani, ba wasa suke yi da ita ba. Amma na ce wa kaina ai ba harbi zan yi ba, ajiyewa kawai zan yi. Bayan sati biyu na karɓe ta, 'yar ƙarama baƙa, na naɗe ta a tsohuwar singileti, na sa ta a akwatin da ke ƙarƙashin kujerar mashin, a kan takardun mashin ɗin.

Kun san abin da ba wanda ya gaya min? Bindiga ba ta yarda a ajiye ta kawai. Da ina tuƙi ina addu'a, sai na koma ina tuƙi ina jiran wanda zai taɓa ni. Na fara zagin mutane a danja. Wanda da zan ba shi haƙuri, yanzu sai in tsaya in zuba masa ido, ina jin daɗin abin da na sani shi bai sani ba.

Rannan da rana tsaka, a wani lungu a bayan shaguna, wani mutum ya buɗe ƙofar mota ya kusa kayar da ni. Ya fito yana min ihu. Na ɗaga kujera, na buɗe singiletin ya gani. Ko ɗaga ta ban yi ba. Mutumin ya saki jakar hannunsa ya ruga. Na tsaya ina kallon jakar a ƙasa, kuma na ɗauka. Na ce ai ramuwar tawa ce da aka ƙwace. Bayan wannan na sake yi sau biyu, kuma waɗannan biyun ba wanda ya tsokane ni, ni na bi su. Abin da aka yi min a Titiwangsa na koma ina yi wa bayin Allah, ina dawowa gida in wanke hannu in ci abinci da Malam a faranti ɗaya.

To, ga abin da ya karya ni. A cikinmu 'yan Arewa da ke can, mashin ba na mutum ɗaya ba ne. Ɗan'uwa zai ce ba ni makulli in je in dawo, ka miƙa, ba tambaya. Wanda ya hana, an dinga maganarsa ke nan har a wajen suna.

Wata Alhamis da safe muna zaune a mamak, wato shagon shayi da abinci, da ke ƙasan gidanmu muna shan shayi, aka kira Malam daga jami'a. Saura kwana tara ya kare kundinsa, aikin shekara biyar, kuma ana son ya kawo wasu takardu da sa hannu kafin sha biyu. Hanya ta cushe, taksi ba za ta kai shi ba. Ya miƙe ya ce, “Mai Kilishi, ba ni makullin nan.”

Na bi shi har inda mashin yake. Makullin yana hannuna. Abin da ya rage kawai in ce, Malam dakata in ɗauki wani abu. Amma yana tsaye a gefena, kafaɗarsa tana taɓa tawa. In na ɗaga kujerar zai ga singiletin, zai tambaya, kuma Malam ba a yi masa ƙarya ido da ido cikin sauƙi. In na ce mashin ɗin ya lalace, yanzu ya ga na dawo a kai. Kunya ta rufe min baki. Na lissafa a raina, tafiyar minti goma sha biyar ce, me zai faru? Na miƙa masa makullin.

Ya sa hular kwano, ya ce, “Lafiyarsa ƙalau dai ko? Ba wata matsala?”

Na ce, “Lafiya lau, Malam. Boleh.”

Ya yi dariya ya ce na zama ɗan gari tunda har ina cewa “ba damuwa” da yarensu, zai yo mana tapau, wato abinci a ƙunshe, a hanyar dawowa. Ya tafi.

Shingen 'yan sanda ya tarar kafin ya kai Semarak, irin wanda suke duba lasisi da takardun mashin. Malam yana da lasisinsa, bai ji komai ba. Suka ce takardun mashin fa? Da hannunsa ya ɗaga kujerar, da hannunsa ya janye singiletin don ya ɗauko su.

Da labari ya iso ni, ban koma gidan ba. Na gudu wajen wani abokina a can bayan gari, na kashe waya. Mashin ɗin ba da sunana yake ba, ban taɓa canja sunan mai shi na farko ba, don haka na san in Malam bai faɗa ba, ba mai zuwa kaina da wuri.

Kwana huɗu Anti Rabi tana nemana har ta same ni ta wayar abokin nan nawa. Muryarta ta dishe. Ta ce an bar ta ta gan shi na minti kaɗan. Ta ce, “Ya ƙi faɗar sunanka. Ya ce musu aro ya yi, amma ba zai jefa yaron mutane a wuta ba sai ya ji daga bakinsa. Ya ce in tambaye ka. In ka ce ba ka san da ita ba, ya yarda, wani ne ya saka maka.”

Ku ji abin da na ce wa matar da take ajiye min abinci a kula ko da na yi dare. Na ce, “Anti, wallahi ban san da ita ba.”

Ta ce, “To, Alhamdulillahi. Dama na ce ba za ka yi ba.” Ta yi min addu'a, ta kashe wayar.

Wannan addu'ar ce ta hana ni sakat. Da zagina ta yi, ina jin da na iya ci gaba da ɓuya. Na kasa cin abinci. In na tayar da salla sai in rasa raka'a nawa na yi. Ranar da ya kamata Malam ya tsaya gaban malamansa ya kare kundinsa ta zo ta wuce, yana tsare, ni ina kwance a ɗakin wani ina kallon silin. Sai a kwana na goma sha ɗaya na tashi na yi wanka, na je ofishin 'yan sandan da ƙafata, na ce bindigar tawa ce. Na faɗi inda na samo ta, na faɗi mutum ukun da na tare. Da na yi haka a rana ta farko, wataƙila da Malam ya samu ranarsa.

Ba su sake shi nan take ba, sai da bincike ya ɗauki makonni. Kafin ya fito, magana ta riga ta kai gida cewa an kama malamin kwaleji da bindiga a Malesiya. Masu ɗaukar nauyin karatunsa suka janye. Jami'a ta dakatar da shi, bizarsa ta ƙare ana cikin rubuce-rubuce. Ya kwashe iyalinsa ya koma gida ba digiri.

Ni kuwa kotu ta ba ni shekaru masu yawa da bulala. Bulalar can ba irin ta makarantar boko ba ce, har yau tabon yana jikina, kuma ba zan ce an zalunce ni ba. A gidan yari na koyi ɗinki, sana'ar babana da na raina. A can aka aiko min cewa ya rasu. Ban ga gawarsa ba, kuma na san da baƙin cikina ya tafi.

Da wa'adina ya cika, daga gidan yari aka wuce da ni wajen tsare baƙi, daga nan sai jirgi. Na sauka Kano da leda ɗaya. Sai da na yi wata biyu ina juya abin a raina kafin na iya shiga mota zuwa garin su Malam.

A kwalejin na same shi, a wani ɗan ofis da suke rabawa su uku. Gemunsa ya yi fari. A kan kanta na hango kundin, mai kauri, da shuɗin bango, ƙura ta hau shi. Na durƙusa a ƙasa, sai kuka.

Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ce, “Tashi ka zauna. Na yafe maka tun ina can, don ba na son in riƙe kowa a zuciyata. Amma zan gaya maka abu ɗaya. Tsoro ne ya sa ka sayi bindiga, wannan na fahimta. Abin da na kasa fahimta shi ne, na tambaye ka. Na ce ba wata matsala? Ka kalle ni ka ce lafiya lau.”

Ya kai ni gida, Anti Rabi ta amsa gaisuwata daga bayan labule, ta aiko min da abinci, amma ba ta fito ba. Ban ga laifinta ba.

Yanzu ina da keken ɗinki a wani shago, ina cin halalina, ina roƙon Allah gafara kullum. Mutum ukun da na tsorata ban san inda zan same su ba, sai dai in sa su a addu'a.

Ƙannena, musamman ku masu shirin fita waje, ku ji ni da kyau. In takardunku suka mutu, ku gyara ko ku dawo gida, kunyar wata ɗaya ce. In aka cuce ku, ku kai ƙara, ku canja hanya, ku yi tafiya da abokai, amma kada wani ya rarrashe ku da sunan kariya ya sa muku ƙarfe a hannu. Bindigar tawa ba ta taɓa kare ni daga kowa ba. Ban taɓa harba ta ba, ko sau ɗaya, amma ta kashe wa mutumin kirki shekara biyar na wahala. Kuma in har akwai abin da kuke ɓoyewa wanda ba za ku iya buɗewa a gaban mai ciyar da ku ba, ku rabu da shi yau, tun kafin ya ce ku ba shi makulli.

Ranar da na je wajen Malam, da zan tafi, ya rako ni bakin titi, shi da wani abokin aikinsa. Wasu ɗalibai suka wuce, suka gaida abokin aikinsa da ke tare da mu, yaron da Malam ya koyar da hannunsa, suka ce, “Barka da yamma, Dokta.” Suka juyo wajen Malam Habibu suka ce, “Sannu, Malam.” Ya amsa musu da fara'a. Ni ne na sunkuyar da kai.