Yadda Yayanmu Ya Ci Masar da Wuƙa

Yayanmu malamin tarihi ne a wata sakandare a Yelwa, kuma a duk gidanmu shi kaɗai ne bai iya tuƙa jirgin ruwa ba. Idan ya zo gida Wara hutu, da takalmi sau-ciki yake sauka bakin ruwa, yana ɗage ƙafar wando kada laka ta taɓa shi. Abin da ya iya shi ne mutanen Masedoniya. Ya san tsohon birninsu Aigai, inda suke binne sarakuna, ya san sabon, Pella, har yakan ce wai kamar Bin Yauri da Yelwa ne. Ya san tsawon mashin sojojinsu. Amma ka aza masa karfasa da tarwaɗa a gaba, sai ya tambaye ka wace ce wace.

Babanmu kuwa taru gare shi, irin doguwar komar nan da ake zagaya ruwa da ita a jirgi, mutum goma sha su ja ta zuwa gaɓa. Fukafukai biyu ne da jaka a tsakiya, inda kifi ke taruwa. Da wannan tarun aka yi wa Yaya karatu. Da shi kuma Inna take bandar kifi: duk jan da aka yi, ita ke fara zaɓe, sauran mata su saya a hannunta. Ni ce mai tsaga mata kifi tun ina 'yar shekara tara.

Baba ya rasu ba da daɗewa ba bayan an yanke mu daga Sakkwato an ba mu jihar Kebbi. Da aka yi sadakar arba'in, maza uku suka zauna a zaure, Yaya da ƙannena biyu masunta. Ni da Inna muna bakin ƙofa. Ƙannen nan kowa yana son ya zama mai taru, ba wanda zai ja igiya a ƙarƙashin ɗan'uwansa. Abin da ya kamata babban wa ya yi a fili yake: ya tsawata musu, taru ya zauna ɗaya, a riƙa raba kifi. Sai Yaya ya gyara tabarau ya fara lacca.

Wai akwai wani sarkin Masedoniya da ya ci rabin duniya, ya mutu a Babila yana saurayi bai bar magajin kirki ba. Manyan janar-janar ɗinsa suka raba ƙasar. Masu son a riƙe ta dunƙule duk an kashe su, wanda ya yi wayo ya ɗauki Masar tun da wuri, shi ne ya mutu a gadonsa da tsufa, jikokinsa suka yi ta sarauta.

Inna ta ce, "To wannan sarkin, taru gare shi?"

Ya ce, "Inna, ba ki gane ba. Ko gwamnati da ta ga Sakkwato ta yi girma, ai rabawa ta yi."

Ta ce, "Malam, abin ga ba ya rabuwa. In kunka yanka shi, mi za ku kama?"

Ko ɗaga kai bai yi ba. Ƙannena, da suka san gaskiya sarai, suka goya masa baya, don kowa ya hango kansa sarki. Su na fi raina ma, domin shi jahilci ne mai satifiket, su kuwa da idonsu a buɗe suka yi.

Da hantsi aka shimfiɗa tarun a kan yashi, aka sa wuƙa. Yaya ya zaɓi jakar tsakiya, tunda ita ce Masar. Ƙannena kowa ya ja fiffike guda. Ni da Inna aka tura mana igiyoyin ja da dalmar da ke nutsar da taru. Masuntan da suka yi shekaru suna aiki da Baba suna tsaye suna kallo, wani dattijo a cikinsu ya juya baya ya tafi, bai sake gaishe mu yadda ya saba ba.

Fiffike ba jaka, kifi ya bi ta gefe ya wuce. Ƙannena suka gwada sau biyu, suka dawo da ciyawar ruwa. Kafin damina ta ƙare dukansu sun koma ja wa wasu taru, a ƙarƙashin mutanen da ba su haɗa komi da su ba, kuma ban ji sun yi gardama ba. Yaya ya ɗaure Masar ɗinsa a bayan mota ya kai Yelwa. Da na je can na gan ta, ya kewaye lambun tumatir da ita don kaji.

Inna ba ta daina banda ba, don ba ta san wata sana'a ba. Sai dai yanzu da safe mukan sauka bakin ruwa da kwanonmu, mu tsaya a bayan matan da a da suke jiran ta gama zaɓe. Ranar farko wata ta matsa mata ta ce ta wuce gaba. Inna ta ce a'a, ta gode, layinta zai zo. Da ya zo, ƙananan da aka tsince aka bari ne suka rage. Ta durƙusa ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ta ce in riƙe kwanon da kyau kada su zube.